Gidan da Muka Jawo Daga Goronyo

Shekarar da aka tura ni aiki wani ƙauye can cikin daji, tsakanin Wurno da Rabah, na tarar babu ɗakin da zan duba marasa lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina karɓar haihuwa. A zauren mai gari nake shimfiɗa tabarma in jera magunguna a faranti, mutane suna shige da fice a kaina. Na kai kuka ofis har na gaji da kaiwa. Ran nan sai shugaban sashenmu ya kira ni ya ce gini kam babu halinsa bana, amma akwai wani gida mai taya da injiniyoyi suka bari tun da daɗewa kusa da madatsar ruwa ta Goronyo, an kuma bar wa sashen lafiya shi. In na samu mai jan sa zuwa ƙauyen, in je in ɗauka.

Na ce ina da mai ja. Maigidana direba ne. Yana da wata tsohuwar akori-kura wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja, da ita yake fito da albasa daga fadama zuwa bakin titi. Da na koma gida na faɗa masa, sai ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano.

"Mi ag gida mai taya kuma?"

"Ni ma ban gan shi ba, Malam. Mu tai mu gani."

Muka je. Mai gadin wurin ya zagaya da mu bayan wasu matattun injuna, ya nuna da sandarsa, ya ce wannan shi ake kira karaban. Na zaci ɗan akurki zan gani, irin kwantenar masu sayar da katin waya. Abin da ke gabana dogon gida ne, ya kusa kai motar bas babba. Fari ne a da, rana ta mayar da shi launin kunun gero. Tayoyinsa huɗu a tsakiya suke, biyu kowane gefe, duk sun sace sun tsattsage. Yana da manyan tagogin gilashi da ƙofa mai matakalar ƙarfe. Da muka ture ƙofar, zafi ya buso mu tare da warin jemage. Ciki ɗaki biyu ne da ɗan makewayi, ga kabad a jikin bango, ga wurin wanke hannu har da kan famfo. Na shafa bangon na ji shi sumul. Tun a nan na fara raba wurare a zuciyata: nan gadon haihuwa, nan teburin allura, can mata su zauna su jira.

Maigidana bai shigo ba. Ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi, ina jin yana ƙwanƙwasa ƙarafa da sifana. Da ya fito ya karkaɗe riga, ya auna tsawon gidan da ido, ya waiwaya ya dubi motarsa, wadda ta koma kamar ɗan maraƙi kusa da raƙumi.

"Likita," in ji shi, don haka yake kirana in yana son tsokana, "wanga abu ba ja za a yi mai ba. Lallashi nai za mu yi hal mu kai."

Shiri ya ci mana kwanaki. Aka sauya tayoyi, aka sauya boris aka cika giris. Mai walda ya ƙera wa motar ƙugiya mai kauri a baya, ya ƙara sarƙa hagu da dama ko da ƙugiyar za ta saki. Ya kuma liƙa madubai a kan dogayen ƙarafa, don madubin motar ba ya ganin komai sai farin bango. Abu ɗaya ne ya gagara. Birkin gidan ya daɗe da mutuwa, kuma babu mai gyaran irinsa a kusa. Ke nan birkin akori-kura shi zai riƙe ta, shi zai riƙe gidan. Kwalayen magani da gadon ƙarfe da jarkokin ruwa muka tara su a tsakiya, daidai kan tayoyi, muka ɗaure tamau. Maigidana ya ce in kaya suka yi nauyi ta baya, wutsiya ce za ta riƙa juya kai.

Ƙarshen bazara ne. Shamuwa ta riga ta iso, manoma sun gama sharar gona suna duban gabas. Ni da kabu-kabu nake zuwa ƙauyen, ta wata 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki, amma gida ba zai bi ta nan ba. Dole mu zagaya ta kan tudu, mu sauka kwari, mu haura wata ƙorama wadda in ta kawo ruwa mota ba ta sake tsallake ta sai kaka. Saboda haka ba mu da lokacin jira. A shekarun nan ana bin waɗannan hanyoyi ba tare da fargabar da ake yi yanzu ba. Abin tsoronmu rairayi ne da ruwa.

Muka tashi da sassafe. Motar ta yi ƙugi kamar ba za ta motsa ba, sai na ji wani dogon nishi daga baya, gidan ya fito daga ramukan da tayoyinsa suka yi shekaru suna ciki. Mai gadi ya ɗaga hannu biyu yana mana addu'a. Ga ruwan madatsa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, masunta a kwale-kwale sun dakata da jefa taru suna bin mu da kallo. Na leƙa madubi na ga gida sukutum yana biye da mu, tagoginsa suna walƙiya da hasken rana.

A kan kwalta tafiyarmu ba ta fi ta mai keke ba. Duk inda muka gifta aiki yake tsayawa. Mai jaki ya sauka ya riƙe jakinsa, mata a bakin rijiya suka saki guga, yara suka biyo mu da gudu suna ihu, "Gida ka tahiya! Gida ka tahiya!" Na fara sakin jiki har ina dariya.

Mun wuce Taloka kaɗan sai wata babbar mota ta taho daga bayanmu, shaƙe da buhuna, ta wuce mu a guje. Iskarta ta bugi gefen gidan. Na ji bayan motarmu ya ja hagu, ya dawo dama, ya sake komawa hagu fiye da na farko. A madubi na ga farin bangon yana leƙowa ta nan yana ɓacewa, yana leƙowa ta can. Sarƙoƙi suna kaɗawa, kayan ciki suna ƙara. Na dafe gaban mota.

"Birki, Malam! Birki!"

Bai taka ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar an kafe shi, ya riƙa ɗage ƙafa daga totur a hankali, a hankali. Rangajin ya ragu, ya ƙara raguwa, har gidan ya miƙe ya bi sawunmu. Sai da muka yi nisa ya saki numfashi, na ga gumi yana ɗiga daga gemunsa.

"Da na taka birki, da yanzu shi ka tuƙa mu," in ji shi. "Ya hi mu nauyi. In ya yi hushi ba a yi mai tsawa."

Daga nan duk motar da ya hango a madubi, sai ya rage tafiya tun da nisa ya raɓe gefe ya ba ta hanya.

A Dinawa muka tsaya inji ya sha iska. Kafin mu sauka an kewaye mu. Wasu suna ɗage suna leƙen tagogi, wasu sun durƙusa suna duban ƙugiya. Wata mai fura ta matso kusa da ni ta tambaya ƙasa-ƙasa ko amarya za a kai da ɗakinta gaba ɗaya. Na ce mata asibiti ne za mu kai ƙauye. Wani dattijo da ke zaune a bencin mai shayi ya sa aka maimaita masa, ya girgiza kai, ya ce shi dai ya saba ganin ana ɗaukar mara lafiya a kai shi asibiti, yau ga asibiti an ɗauko za a kai wa mara lafiya. Ya taso ya dafa bangon ya yi mana addu'a mai tsawo, jama'a suna amin.

Gaba kaɗan muka bar kwalta muka kama burji. Gargada ta fara. Kowane rami sau biyu muke faɗa masa, mota ta faɗa ta fita, sannan gidan ya faɗa ya fizge mu baya. Maigidana ya koma ƙaramar giya, muna tafiya kamar masu rakiyar tsoho. In za a yi kwana sai ya buɗe sosai, ya wuce kamar ba zai juya ba, sannan ya karya kan mota, don gidan yakan yanke hanya ya bi ta ciki. Aikina shi ne in riƙa duban madubin gefena ina gaya masa tazarar da ke tsakanin taya da bakin rami. Inda reshen itace ya sauko kan hanya, in sauka in tokare shi da gora har rufin ya wuce.

Burjin ma ya ƙare, sai sawun amalanke. Hanya ta hau wani tudu mai jan dutse. Gonaki suka ƙare, sai sabara da geza da aduwa jefi-jefi. Babu gari, babu rijiya, waya ta daina kamawa. Muka yi tafiya mai tsawo ba mu ga kowa ba sai shirwa a sama tana shawagi. Ni haifaffiyar ƙasar nan ce, amma kullum a guje nake ratsa ta, a matse cikin motar haya ko a bayan mashin ina kare fuska. Ban taɓa bin ta a hankali haka ba, har in ga yadda launin dutse yake sauyawa daga ja zuwa baƙi, in ga ƙadangare ya ɗaga kai ya gama kallonmu kafin mu wuce shi. Da muka kashe inji don duba tayoyi, shirun da ya sauko mana sai da ya sa na rage murya, kamar na shiga masallaci.

Azahar ta gota muka iso bakin tudun, ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinmu. Na sauka daga mota na tsaya. Kwari ne mai faɗi wanda ban ga ƙarshensa ba. Can nesa gulbi yana ƙyalli, siriri, yana lanƙwasa yana ɓacewa yana sake fitowa. Gefensa ragowar lambunan rani kore shar. Daga nan har gindin tudun gonaki ne da aka share, kowace da baƙin tabo inda aka ƙone kara. Garuruwa sun yi ƙanana, rumbunansu kamar an kifa ƙore a jere. Wani garken shanu yana gangarawa mashaya, sai ka ce farin wake aka watsa a faifai. Ban san haka ƙasarmu take ba sai ranar. Ina zaune cikinta tun haihuwa, ban taɓa ganin ta daga sama ba. A nan muka yi salla a inuwar gidan. Da muka sallame maigidana ya nuna mini gabas da haɓa. Gindin sama ya yi duhu, hadari ya kafa kai.

Gangarar ba ta da tsawo sosai, amma tana da tsayi, ga tsakuwa mai santsi. Maigidana ya bi ta da ƙafa har ƙasa ya dawo. Ya ce in muka sauka haka nan gidan zai turo mu, birki ba zai riƙe ba. Akwai wani busasshen itace da ya faɗi a gefen hanya. Muka kama babban reshensa mu biyu muka jawo, ya ɗaure shi da sarƙa a bayan gidan don ya riƙa jan ƙasa yana rage masa gudu. Ya ba ni waigi, wani guntun katako mai kauri, ya ce in bi gefe da ƙafa, kada in kuskura in shiga gaban taya, in ya yi kira in jefa shi ƙarƙashi.

Haka muka sauka. Ya saki birki kaɗan, gidan ya zamo, reshen yana gurzar dutse yana tartsatsi, ya yi kira, "Sa!" in jefa waigi, komai ya tsaya cak. Ya ɗan ja baya in zare, a sake. Ina tafe a gefen wannan bango da ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ina jin nauyinsa yana matsa ƙasa har cikin tafin ƙafata, ƙarfe yana kuka a kusa da kunnena. Warin birki ya cika wurin. Da muka dira ƙasa, na zauna a kan dutse ina haki. Ya zo ya miƙo mini ruwa.

Ƙasan kwari rairayi ne. Ya rage wa tayoyi iska, na mota da na gida, don su baje kada su nutse. Muka ratsa gonaki, inuwar hadari tana bin mu, har muka iso ƙoramar. A bushe take ƙayau, farin yashi mai faɗi, a ƙetarenta kuma wata 'yar tunga mai gidaje kaɗan. Maigidana ya shiga da sanda yana caka yashin, ya zaɓi inda ya fi tauri. Muka yi bisimilla muka shiga.

Mun wuce tsakiya, har ina ganin ciyawar gaɓa, sai na ji tafiyar ta yi nauyi. Inji ya ɗaga murya, tayoyi suka fara watsa yashi, muka tsaya. Mota ba ta nutse sosai ba, amma tayoyin gidan sun shige har rabi, cikinsa ya kusa taɓa ƙasa. Muka fito da shebur muka fara haƙa. Muna haƙawa yashi yana komawa.

Mutanen tunga suka gangaro. A gabansu akwai wani dattijo mai farin gemu, da rawani ya rufe rabin fuska. Ya yi sallama, ya zagaya gidan, ya tambayi inda za mu da shi, na faɗa masa. Ya san ƙauyen, ya ce jikanyarsa can take aure. Sai wata iska mai sanyi ta kaɗo, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dattijon ya juya gabas ya daɗe yana kallo.

"An yi ruwa bisa tudu," in ji shi. "Ƙoramag ga tana tahe. Ɗana, kwance motakka ka hidda ta tun da wuri. Gidan a bar ma Allah."

Maigidana ya dube ni. Motar nan ita ce abincinmu, ita ce karatun 'ya'yanmu. Na ce, "Kwance, Malam. Babu komi." Na faɗa ne da gaske.

Ya dubi ƙugiya. Can ya ce, "Baba, na ga sawun raƙumma cikin yashin ga. Naku na?"

"Namu na. Na huɗa."

"A taimaka muna da su. Mu gwada. In bai tashi ba in kwance."

Dattijon ya juya ya ƙwala kira. Ban taɓa ganin gari ya tashi tsaye da sauri haka ba. Maza suka ruga suka jawo raƙuma uku da kayan huɗarsu, da igiyoyi masu kaurin hannu. Mata suka fito ɗauke da dammunan kara da tsofaffin zana, wata ma ta ciro asabarin ƙofarta. Na tuɓe takalma na ɗaure gyale a ƙugu na shiga cikinsu. Muka durƙusa gaban tayoyi muna kwashe yashi da kwanoni da ƙore, muna cusa kara. Kusa da ni wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, babu haƙori ko ɗaya a bakinta, tana haƙa da sakaina kamar ba ta san gajiya ba. Ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. Cewa kawai take, "Ƙara nan, ɗiyata. Ƙara nan."

Aka ɗaura raƙuman a gaban mota, suna gurnani suna tofar da kumfa. Maza suka jeru a baya da gefe suka kafa kafaɗa a bango. Sama ta yi baƙi ƙirin, hasken da ya rage wani irin ruwan ɗorawa ne, ya sa gidan ya yi fari fat a tsakiyar yashi. Dattijon ya ɗaga sanda ya yi kabbara, kowa ya amsa.

Raƙuman suka miƙa wuya suka zube gaba. Faffaɗan tafinsu ba ya nutsewa, suna taka yashin kamar daɓe. Igiyoyi suka miƙe har suna rawa, inji yana kururuwa, maza suna nishi da murya ɗaya. Da farko ba abin da ya motsa. Sai kara ya fara karyewa, ƙas, ƙas, ƙas. Gidan ya girgiza, ya ɗago kamar saniyar da ke tashi daga kwance, ya hau kan zana. Mata muka riƙa zare na baya muna rugawa muna shimfiɗawa a gaba. Ba wanda ya tsaya. Raƙuma suka haye gaɓa, mota ta bi su, gidan ya karkace har na rufe ido, da na buɗe yana sama a kan tudu. Wata mata ta rangaɗa guɗa.

Muna tsaye muna mayar da numfashi, sai dattijon ya ɗaga hannu a yi shiru. Na zaci iska ce a cikin itatuwa. Wani sauti ne dogo, shuuu, yana ƙaruwa. Daga lanƙwasar ƙoramar sai ga shi. Ba tulin ruwa ba ne kamar yadda na yi zato. Wani harshe ne mai kumfa, launin ƙasa, bai wuce idon sawu ba, yana turo kara da kashin shanu da busasshen ganye a gabansa, yana tafe kamar mai laluben hanya. Yashi yana shanye shi, yana ƙara tahowa. Ya iso ramukan da muka haƙa ya cika su ya wuce. A bayansa ruwan gaske yake. Muna kallo ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya ɗauki zanan da muka bari yana wulwula su, ga wani kututture yana tafe yana juyi. Gaɓar tsallake ta riƙa ɓantarewa tana faɗawa ciki. Inda na durƙusa ɗazu ina kwasar busasshen yashi, yanzu da raƙumi zai shiga sai ya yi iyo. Kuma har lokacin ko ɗigo ɗaya bai sauka a kanmu ba. Bakin kowa salati yake. Maigidana ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar motarsa.

Sannan iska ta taso, ruwa ya kece. Na ruga na buɗe ƙofar gidan na ce kowa ya shigo. Muka cika ɗakuna biyun, maza a ɗaya mata a ɗaya, jiƙe da gumi da yashi. Raƙuman suka durƙusa a waje suka ba iska baya. Ruwa yana dukan rufin kamar ana zuba tsakuwa, sai an ɗaga murya ake jin juna.

Tsohuwar nan da muka yi haƙa tare ta samu wuri a bakin taga. Na ga ta kai hannu a hankali ta taɓa gilashin, ta janye, ta duba tafinta ta ga a bushe. Ta sake mannawa. A waje ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, yana tafiya labule-labule a kan gonaki, itatuwa suna sunkuyawa, walƙiya tana tsaga sama har ƙasa, ga ƙorama tana ambaliya. Ita kuwa ta kafa goshi a gilashi, ba ta ko ƙiftawa.

"Inna, lahiya?" na tambaye ta.

"Ɗiyata, ashe haka ruwa shike?" in ji ta, ba ta juyo ba. "Na tsuhwa ina jin shi bisa ɗaki, cikin duhu. In na leƙa shi jiƙa ni in koma. Ban taɓa zama ina kallo nai ba sai yau."

Sauran matan suka matso, muka jeru a tagogi. Ni ma da na saba da taga, sai na ga kamar ban taɓa kallon ruwan sama ba. Muka tsaya haka har ya tsagaita.

A tungar muka kwana, suka karɓe mu da tuwon dawa da miyar kuka. Washegari muka jira rana ta ɗaga ƙasa ta sha iska, maigidana ya mayar wa tayoyi iska da famfon hannu, muka kama hanya. Abin da ya rage ba nisa, amma laka ta sa sai la'asar muka isa. Duniya ta sauya a kwana ɗaya. Ko'ina mutane ne a gonaki da sungumi, maza suna sara, mata suna bin su da iri, ƙasa baƙa tana tururi. Suna hango mu sai su ɗaga sungumi sama su gaishe mu.

Mai gari ya riga ya zaɓi wuri, gindin wata tsamiya kusa da rijiya. Sai dai dole a shigar da gidan da baya, kuma gida a baya ba ya bin inda aka juya sitiyari, kishiyar hanya yake bi. Na tsaya a baya ina nuni da hannu, garin duka yana kallo.

"Dama, Malam! Dama nac ce!"

"Damar wa? Taki ko tawa ko ta gidan?"

Jama'a suka fashe da dariya. Muka yi ta shiga muna fita, muna faɗa muna shiryawa, har gidan ya zauna daidai a inuwa, ƙofarsa tana duban gari. Maigidana ya kwance ƙugiya ya sauke sarƙoƙi.

Mai gari ya shiga ya duba ɗakunan, ya buɗe kabad ya rufe, ya fito yana murmushi. Sai ya tsaya gaban tayoyi, murmushin ya ragu.

"Likita, tambaya gare ni. Abin da anka jawo, ana iya jaye shi?"

"Ana iyawa, ranka shi daɗe."

"Wato ran da wani babba yag ga ya yi mai kyau, sai shi aiko da mota."

Ya juya wajen maigidana ya ce, "Direba, cire muna ƙahwahun ga."

Maigidana ya yi dariya, ya ce ai hakan ma ya fi, don gidan zai fi zama daram a kan dutse. Aka kawo manyan duwatsu, ya sa jak ya ɗaga, aka jera su a ƙarƙashi, ya kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Magidanta huɗu suka gara su ta tsakiyar gari zuwa gidan mai gari, shi kuma yana biye da sandarsa kamar mai kora garke.

Na yi shekaru ina aiki a cikin gidan nan kafin a sauya mini wuri, kuma ba a taɓa mayar masa da tayoyinsa ba. Yaran da na karɓi haihuwarsu a ciki sun girma yanzu. Kakanninsu suna tsokanarsu da ɗiyan mota.